Yadda Za Ka Daidaita Wutar Faifan Kwamfutar 'Yarka Kafin Ta Dawo Daga Biki

Ɗan'uwana uba, idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari kwamfutar 'yarka za ta tashi, faifanta duka za su amsa kira, kuma sunanka zai kai har gaban malaman makarantarta. Ba labarin majalisa nake kawo maka ba. Ni Lado, mai shagon taki da irin shuka a Dutse, da hannuna na gwada, kuma har yau ana gaishe ni a gidana. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, saboda haka kada ka ce aikin sai mai digiri.

Kayan aikin da za ka tanada: sukundireba, tire, tsumma, aboki mai ƙarfin hali, da 'ya wadda ta yi tafiya. Kaza ba dole ba ce, amma za ka ga inda take shigowa.

Mataki na 1: Sayi kwamfutar da ta girmi 'yarka

Idan 'yarka ta kai shekarar ƙarshe a karatun kwamfuta, ta ce tana buƙatar tata ta kanta, kada ka tambaye ta wace iri. Tambaya tana rage wa uba kwarjini. Jira har ka ji ana gwanjon kayan wani ofis da aka rufe, ka je da sassafe, ka zaɓi wadda ta fi kowacce girma. Ƙa'idar sayen kwamfuta ɗaya ce da ta buhun taki: ka ɗaga, idan ka ji ƙugunka ya amsa, to akwai kaya a ciki.

Tawa sai da mutum biyu suka taya ni sauke ta daga adaidaita. Mai ɗakina Lauratu ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, firij ka sayo mana? Allah ya saka da alheri."

'Yata Khaulat ta zagaya ta, ta sake zagayawa, sannan ta ce, "Na gode, Baba." Irin wannan godiyar mai zuwa a makare ita ce ta gaskiya.

Yarinyar ba ta yar da ita ba. Ta yi watanni tana fama har ta tashe ta, ta kuma mayar da ita aikinta na kammala karatu. Duk abin da ta rubuta, duk abin da ta gina, yana cikin faifai uku da ke cikin injin nan, babu kwafi a ko'ina, domin injin ya girmi 'yan filas ɗin da yara ke ratayawa a makulli, ba shi ma da ramin da za a soka su. Ranar Litinin za ta kai shi gaban malamai ta kunna. Idan ya tashi, ta gama makaranta. Idan bai tashi ba, sai baɗi. Riƙe wannan a ranka, domin shi zai hana ka cin abinci a matakan da ke tafe.

Mataki na 2: Idan tana maka bayani, gyaɗa kai

Wata rana da yamma za ta buɗe cikin injin ta kira ka, don ka ga abin da ka sayo. Je ka tsuguna. Za ta nuna maka wani faffaɗan kebur mai kama da bel ɗin injin niƙa. Ya taso daga wani koren kati, ya bi ta faifai na farko, ya bi ta na biyu, ya ƙare a na uku. Kada ka nemi abu mai zagaye. Faifan kwamfuta kamar ƙaramin bulo na ƙarfe yake.

"Baba, katin nan shi ne mai ba da umarni, faifan su amsa, duk ta kebur ɗaya," in ji Khaulat. "Ka san idan mutum ya yi kira a tsakanin duwatsun Garu muryarsa takan dawo masa? To haka saƙo yake yi a cikin kebur ɗin nan. In ya kai ƙarshe bai tarar da abin da zai shanye shi ba, sai ya juyo ya yi karo da na bayansa, kowa ya rikice. Shi ya sa ake sa toshiya a baki biyu kawai, farko da ƙarshe. Katin yana da tasa a jikinsa. Faifan ƙarshe kuwa, da wannan 'yar hular ake kunna masa tasa."

Za ka ga 'yar hular: baƙar roba ce, ba ta kai ƙwayar wake ba, tana zaune a kan wasu 'yan tsinkayen ƙarfe biyu.

"Ita kuma toshiyar ba ta aiki sai da 'yar wuta, dole wani a cikin layin ya ba ta. Yawanci kati ne ke bayarwa, amma wannan namu..."

Daidai nan za ka daina ji. Tuna motar takin da ba ta iso ba. Ce "Ƙwarai kuwa." Ce "Ai dama haka ne." Masana sun tabbatar uba ba ya sauraren bayani har ƙarshe, in ba haka ba yara za su ɗauka bai sani ba.

Mataki na 3: Fahimci ainihin ma'anar "kada a taɓa"

Ranar Juma'a za ta tafi Ringim bikin ƙawarta, ta ce sai Lahadi da la'asar. A bakin ƙofa za ta juyo ta ce, "Baba, don Allah kada a taɓa min injin nan."

Lura da kyau. Ta ce kada *a* taɓa. Yaran gida take nufi, da baƙi. Uban da ya sayo abu ba ya cikin lissafin.

Duk da haka kada ka taɓa sai da dalili. Nawa dalilin ranar Asabar da hantsi ya zo, yana tashi sama. Ina zaune a ƙofar ɗakin na ga zanzaro ya shiga ta wata kafa a bayan injin ɗauke da laka. Ya fito. Ya koma da wata. Damina ce, ƙasa ta yi laushi, gini yake yi babu kama hannun yaro, kuma a cikin karatun 'yata yake yinsa.

Yanzu ka gaya min. Wane uba ne zai ga ana ɗora bene a kan wahalar 'yarsa ya zauna yana kallo? Ɗauko sukundireba.

Mataki na 4: Cire duk abin da ya ciru, ka zuba a tire

Zare filogi tukuna. Wannan kaɗai ce shawarar da Khaulat ta yarda da ita a cikin rubutun nan gaba ɗaya, saboda haka ka riƙe ta da kyau.

Fito da injin tsakar gida inda akwai haske. Za ka tarar zanzaro ya zaɓi bayan faifan ƙarshe, daidai inda 'yar hular nan da wata 'yar'uwarta suke, ya lulluɓe su da laka. Fasa ginin. Zare hulunan da farce, ka goge su, ka ajiye a tire. A gefen injin daga ciki za ka ga wata 'yar leda an manne ta da salatif, da wasu huluna huɗu a ciki. Zazzage su ma a tiren, su sha iska. Akwai wasu hulunan a ƙarƙashin faifan, waɗanda ke riƙe wa kowane faifai lambarsa. Yatsana bai kai gare su ba. Daga baya aka ce min wannan gajartar yatsa tana cikin manyan ni'imomin da Allah ya yi wa gidanmu.

Kada ka damu da haddace inda kowace hula ta fito. Mutumin da ya haddace farashin iri kala-kala ba zai manta mazaunin roba biyu ba.

Sai ka shiga ɗaki ɗauko tsumma mai tsabta. In ka fito za ka tarar da kazar matarka, wake-waken nan mai tafiya kamar ita ta gina gidan, tsaye a bakin tire tana miƙa wuya tana haɗiyar wani abu. Ƙirga hulunan. Za ka samu biyar. Kalle ta. Za ta kalle ka da ido ɗaya, ta juya ta kalle ka da ɗayan.

Mataki na 5: Kunna, ka karanta allo da nutsuwa

Tunda ka manta mazauninsu, kunna injin haka nan babu hula ko ɗaya, wataƙila dama ado ne. Fanka za ta yi gurnani. Rubutu zai fito fari a kan baƙi. A da, idan Khaulat ta kunna, katin yakan yi kiran suna, layi uku su fito a jere, kowane faifai ya amsa. Yanzu zai yi ta kira, ɗigo-ɗigo suna tafiya a allo, babu mai amsawa. Daga ƙarshe ya rubuta wata gajeriyar magana da Turanci. Ba sai an fassara maka ba. Ko a Turanci, babu tana kama da babu.

Kashe ka kunna. Sake kashewa ka kunna. Ɗan bubbuga gefensa da tafin hannu yadda ake yi wa rediyo. Ka ji zufa tana bin bayanka? Alama ce ta aiki yana tafiya.

A wannan lokacin wayarka za ta yi ƙara. 'Yarka ce. Bayanta kiɗa da guɗa.

"Baba, ina wuni? Ya gida? Ya injina?"

"Lafiya lau. Yana hutawa."

Ba ka yi ƙarya ba. Kada ka ƙara ko kalma ɗaya. Yarinya tana cikin ƙawayenta da lalle a hannu, ba ka da hurumin ɓata mata biki da abin da za ka gyara kafin magariba.

Mataki na 6: Kira abokin da bai taɓa cewa "ban sani ba"

Kowace unguwa tana da irinsa. Namu Ɗayyabu ne, mai gyaran fanka da dutsen guga. Ya shigo da 'yar jakarsa, ya tsuguna, ya sa tabarau, ya ce, "Malam Lado, duk abin da ke shan wuta ɗan'uwan fanka ne. Matsa."

Ya bi kebur da yatsa har zuwa katin. Ya zaro abin gwajinsa mai wayoyi biyu, ja da baƙa, ya dangwala nan, ya dangwala can, sai ya yi tsaki irin na wanda ya ji daɗi.

"Ka ga wannan ɗan abin? Fiyus ne. Ta nan katin ke tura wuta cikin kebur. Ya mutu murus."

"Ni na kashe shi?"

"To, ni dai ba ni na buɗe injin ba."

Zauna a kan turmi. Lauratu za ta fito da tsintsiya a hannu ta tsaya tana kallonku.

"Akwai magani," in ji Ɗayyabu. "Mu ɗora masa 'yar waya mu liƙe da dalma, wuta ta wuce kai tsaye. Fiyus ai tsoro ne kawai na Bature. Fankar masallacinmu shekara nawa tana juyawa a haka?"

"Wadda ta yi hayaƙi ana tsakiyar huɗuba?" in ji Lauratu.

"Hajiya, wannan matsalar kwandansa ce, daban take."

Ka amince. Uba mai tsoro yana amincewa da duk wanda ya yi magana da ƙarfi. Ɗayyabu ya jona ƙarfen narka dalma, muka zauna muna jiran ya yi zafi. Ya fara ɗumi ke nan, ya ɗaga shi ya nufi katin, sai aka ɗauke wuta.

Na zagi masu wutar nan zagin da sai da na yi istigfari. Yanzu kuwa duk sanda aka ɗauke, nakan yi musu addu'a a ɓoye. Ɗayyabu ya naɗe jakarsa ya ce gobe da safe zai dawo. Da safe aka ce min ya tafi Jahun duba wani ɗan'uwansa a asibiti, ɗan'uwan da tunda muke ban taɓa jin sunansa ba.

Mataki na 7: Yi adalci

Wannan shi ne zuciyar darasin, kuma nan ne ilimin uba ya wuce na littafi.

Lahadi da safe an dawo da wuta. Zauna gaban injin kai kaɗai ka yi tunani irin na magidanci. Duba bayan kowane faifai. Za ka ga kowanne yana da 'yan tsinkaye iri ɗaya, wajen da aka rubuta TE da wajen da aka rubuta TP. TE na kunna toshiya ne, TP na ba da wutarta. Kowa da nasa mazaunin hula, amma tun farko ɗan autan can na ƙarshe ne kaɗai aka sa wa, har guda biyu, yayyensa kuwa kai babu komai, ga kuma huluna a leda an ɓoye.

Ni ban saba da haka ba. A gidana idan na yanko yadin Sallah, daga bandir ɗaya nake yankowa, kada wani ya ce na wani ya fi sheƙi. Ko rake na shigo da shi sai na auna gaɓoɓin. Na san abin da fifiko ke jawowa: ka kira yaro ya yi kamar bai ji ba. To ga shi kati yana kira, faifai sun yi shiru. Me ya rage ban gane ba?

Kuma tunda fiyus ɗin katin ya mutu, ai sai kowa ya kawo tasa gudummawar wutar, kamar yadda ake yi in babban gida ya gaza.

Raba hulunan. Biyu ga na farko, biyu ga na ƙarshe, na tsakiya ya samu ɗaya tunda ta shidan tana cikin kaza. Kunna. Wani layi zai fito a allo da rubutu a hargitse, ya ɓace, ya sake fitowa, sannan komai ya tsaya cak.

Ka gani? Sun fara magana. Na tsakiya ne ke fushi, kuma yana da gaskiya.

Mataki na 8: Nemi hula ta shida ta hanyar lalama, sannan ta ɗaya hanyar

Kife kazar da kwando a kan tsohon buhu. Ɗauko kujera da ɗan tsinke. Ba zan faɗa maka abin da za ka yi da tsinken ba, kai ma uba ne, ka yi renon yara. Za ka shafe hantsi kana bincike. Kaza mai ajiye abin duniya ko'ina a tsakar gida, har kan tabarmar sallah, ranar nan za ta zama mai rowa.

In rana ta take, wanke hannu, ka nufi kicin. Ka tuna kazar ba taka ba ce. A gidajenmu mutum yana iya mallakar gida da ƙofa da kwano, amma abin da ke tsattsagewa a tsakar gida na matar gida ne. Wannan kuwa jikar kazar da Lauratu ta zo da ita daga Kiyawa ce, kuma ba ta fashin ƙwai. A irin wannan rana ba a kiran mace da sunanta.

"Maman Khaulat, sannu da aiki."

"A'a."

"Ban ce komai ba tukuna."

"Tun jiya kake kallonta kamar mahauci. A'a."

"Karatun yarinyar nan ne a cikin cikinta."

"Karatun yarinyar nan a cikin ɗaki yake lafiya lau, kai ka fito da shi tsakar gida. Malam, ka kira ta mana ka gaya mata gaskiya. Waya ce a aljihunka."

"In ce mata me? In ce uban da ta bar wa amana ya kasa riƙe ta kwana biyu?"

Ban shirya muryata ta yi rawa ba, amma ta yi. Idan taka ma ta yi, bar ta, tana aiki. Lauratu ta daɗe tana juya miya. Sannan ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ka wasa wuƙar sosai, kada ka wahalar min da ita. Kuma biyu za ka kawo min daga kasuwar Shuwarin, masu ƙwai, ni zan zaɓa."

A cikin ƙundu za ka same ta, tsakanin tsakuwa da ƙwayar gero, ko ƙwarzane babu. Wanke ta, shanya ta, ɗora wa na tsakiya. Yanzu kowa ya samu biyu-biyu. Tsaya ka kalle su, sun yi kyau kamar yara ranar idi. Yi bisimilla ka kunna.

Ba zai tashi ba.

Mataki na 9: Tarbi 'yarka

Babu sauran dabara. Sa babbar riga, ka zauna kusa da injin, ka bar shi a buɗe. Gida zai cika da ƙamshin farfesu.

Khaulat ta yi sallama da fara'arta, da ledar kayan biki a hannu. "Kai, Umma, kaza aka yanka min?" Ta durƙusa za ta gaishe ni, sai idonta ya sauka a kan injin.

Ka shirya wa ihu, ka shirya wa kuka. Ba za ka samu ko ɗaya ba. Ta ajiye ledar a hankali. Ta ce, "Baba." Shi ke nan. Na ga tana haɗiye abin da ba a faɗa wa uba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Faɗa mata komai a jere: zanzaro, tire, Ɗayyabu, fiyus.

Ta ɗago da sauri. "Kun liƙa wayar?"

"An ɗauke wuta."

"Alhamdu lillahi." Ta sauke numfashi. "Baba, fiyus ɗin nan a mace ka sayo shi. Shi ne abin da nake gaya maka ran nan. Shi ya sa na sa faifan ƙarshe ya riƙa ba da wutar a madadin katin. Da kun liƙa waya, in wani abu ya haɗu a kebur ɗin, babu abin da zai tsaya a tsakani, katin ne zai ƙone. Irinsa kuwa ko a Kano sai an sha yawo."

Ta haska bayan faifan da fitilar waya. Ta matsa kusa. Sai na ga kafaɗunta suna motsi, na ce shi ke nan, kukan ya zo. Ashe dariya ce, irin mai fitowa tare da hawaye.

"Baba, wa ya sa wa kowa hula?"

"Adalci na yi."

"Ba 'ya'yanka ba ne, Baba! Ka sa kowa ya zama ƙarshen layi. Na farko yana shanye saƙo, na biyu yana shanyewa, kafin ya kai ko'ina ya galabaita. Toshiya baki biyu ce kawai. Wuta kuma mutum ɗaya ya bayar ya wadatar."

Ta sa farce ta zare huɗu, ta bar wa ɗan autan nasa biyu kamar yadda suke tun farko. Ta duba kebur ɗin ya zauna daram a kowane faifai. Ta kunna. Katin ya yi kira. Layi na farko ya fito. Na biyu. Sai aka ɗan yi jim, tsawon da ya ishe ni in yi alkawarin azumi, sannan na uku ya fito.

Lauratu tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon farfesu. Ta dubi huluna huɗun da ke tafin hannun Khaulat.

"Wacce ce ta cikin kazata?"

Na nuna.

"Tana cikin waɗanda ake buƙata?"

Khaulat ta kalle ni, ta kalli uwarta, ta ce, "Umma, farfesun nan zai huce."

Ƙundu rabon maigida ne, kowa ya sani. Ranar nan a kwanon Khaulat na gan shi, kuma ban ɗaga maganar ba.

Mataki na 10: Karɓi yabonka

Litinin ka rufe shago, ka ɗauko adaidaita, ka rungume injin a cinyarka har makaranta, kana roƙon direba ya bi ramuka a hankali. Ba za a bar ka ka shiga ba. Zauna a gindin bishiyar bakin ƙofa ka ja carbi har yatsunka su gaji.

Da ta fito, tun daga nesa na ga haƙoranta.

"Ya tashi?"

"Ya tashi, Baba. Na wuce." Ta zauna kusa da ni a kan benci. "Akwai wani malami mai tsanani, ya so ya kama ni. Ya ce, to idan aka kunna toshiya a kan kowane faifai fa, me zai faru? Ya ɗauka a littafi kawai na karanta. Na zayyana masa komai, har yadda rubutun ke hargitsewa a allo kafin ya tsaya. Ya ce a ina na ga haka? Na ce mahaifina ne ya yi gwajin a gida, jiya-jiyan nan."

"Me ya ce?"

"Ya ce a gaishe da Injiniya."

Ta buɗe jakarta ta ɗora min 'yar baƙar hular nan ta cikin kaza a tafin hannu. "Wannan taka ce, Baba. Kai ka sha wahalarta."

Tana aljihun gaban rigata har yau, tare da carbi. Ka ga ke nan alkawarin da na yi maka a farko ya cika ɗaya bayan ɗaya: injin ya tashi, faifai sun amsa, suna ya kai gaban malamai.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk kati da ya ƙone, faifan da ya yi gum, ko abokin da ya tafi Jahun bai dawo ba. Idan ka bi matakan nan a unguwar da ba a ɗauke wuta a kan lokaci, tsakaninka da Ɗayyabunku. Idan 'yarka ba mai dariya ba ce, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. Duk ƙorafi a kan kaji a kai shi wurin Lauratu, ita ke da sababbi biyu yanzu, ta kuma sa wa mai yawan leƙe-leƙen cikinsu suna Injiniya. In ka shigo gidana ka ji an kira sunan, kada ka yi mamaki idan mu biyu muka waiwaya.